Yadda Ake Sauraron Tsofaffin Ƙagaggun Labaran Ingila a Waya, Har a Kai Ƙarshensu

Great Expectations na Charles Dickens ya yi shekara shida a kan kantar ɗakina yana shan ƙura. Na saye shi a wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi, na karanta shafi arba'in, na cusa tikitin mota a inda na tsaya, ban sake waiwayarsa ba. Jimlolinsa ne suka kore ni. Sai ka fara jimla a saman shafi, kafin ka iso aya ka manta wanda ake magana a kansa. Da na koma gare shi ta kunne kuwa, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki na gama shi, a hanyar zuwa aiki da dawowa kawai.

Daga baya na gane dalili. Waɗannan littattafan tun asali da kunne aka san su, kuma ba a zama ɗaya ake cinye su ba. Great Expectations mako-mako ya riƙa fitowa a mujallar Dickens mai suna All the Year Round, daga Disambar 1860 zuwa Agustan 1861. Wasu littattafansa, irin su David Copperfield da Bleak House, wata-wata ake fitar da su, kashi ashirin, kowane kashi a kan sule guda. Mutum ɗaya zai saya, da dare iyali su kewaye shi yana karantawa da ƙarfi. Shi kansa Dickens daga 1858 ya riƙa hawa dandamali yana karanta wa jama'a labaransa ana biyan kuɗin shiga, a Ingila da Amurka, bai daina ba sai a Maris na 1870, wata uku kafin rasuwarsa. Wanda ya taso yana jin ana karanta littattafan Hausa a rediyo ya san wannan ɗanɗanon. Doguwar jimlar da ke gajiyar da ido, idan gwani ya karanta ta, ya numfasa inda ya kamata, sai ka ji ta warware da kanta.

Ga yadda nake bi, mataki-mataki.

Mataki na ɗaya: ɗauki littafi daidai ƙarfinka

Awa ake kallo a nan, ba shafi ba. A Christmas Carol na Dickens, wanda ya fito a 1843, wajen awa uku ne. Silas Marner na George Eliot, na 1861, wajen awa bakwai. Pride and Prejudice na Jane Austen, na 1813, babi 61 ne, yana cin awa goma sha ɗaya zuwa sha biyu. Jane Eyre na Charlotte Brontë, na 1847, wajen awa goma sha tara. Manyan gwaskaye irin Middlemarch da Bleak House kuwa sun haura awa talatin kowannensu.

Idan wannan ne karonka na farko, shawarata ka fara da A Christmas Carol ko Jane Eyre. Na farkon gajere ne, za ka ɗanɗani daɗin gama littafi tun kafin gajiya ta zo. Na biyun mutum ɗaya ce ke ba da labarin rayuwarta da bakinta daga farko har ƙarshe, marainiyar da ta taso a hannun matar kawunta, ta yi makarantar kwana, ta zama mai koyar da yarinya a gidan masu hali. Kunne ba ya wahala idan murya ɗaya yake bi.

Kada ka fara da Wuthering Heights na Emily Brontë, duk da na san ɗalibai da yawa shi ya fara haɗa su da wannan fanni, domin ya kasance cikin littattafan adabin Turanci na jarrabawar WAEC daga 2021 zuwa 2025. Labari ne a cikin labari: wani baƙo mai suna Lockwood yana ba mu abin da Nelly Dean, mai aikin gidan, ta ba shi. Akwai Catherine biyu, uwa da 'ya. Sunan Linton kuma a wani wuri sunan iyali ne, a wani wuri sunan yaro. A takarda za ka iya juya shafi baya ka duba. A kunne, kana cikin hayaniyar titi, sai ka ɗauka uwar ce ta taso daga kabari.

Mataki na biyu: zaɓi makaranci kafin komai

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke kashe sauraro. Mutumin da zai yi awa goma sha tara a cikin kunnenka ya fi abokin tafiyar mota daga Kano zuwa Legas daɗewa tare da kai. Idan muryarsa ba ta kwanta maka ba, laifin zai koma kan marubucin da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, saboda haka ka saurari minti biyar na makaranta biyu ko uku kafin ka sauke komai. Kada ka gwada da farkon babi na ɗaya kaɗai. Matsa zuwa inda mutane biyu ke hira, ka rufe ido, ka ga ko za ka iya bambance mai magana ba tare da an ambaci sunansa ba. Ka kuma kula ko yana haɗiye ƙarshen kalmomi, ko akwai ƙarar fanka ko amsa-kuwwar ɗaki a bayansa. Abin da ya ɗan dame ka a minti biyar, a awa ta goma zai zame maka ciwon kai.

Sai ka duba kalma ɗaya a jikin bayanin. "Unabridged" na nufin cikakken littafi ne, "abridged" kuwa an datse shi. Akwai kuma waɗanda aka mayar wasan kwaikwayo na rediyo, irin na BBC, da 'yan wasa da kiɗa da ƙarar kofaton dawaki. Suna da daɗi, amma ba littafin ba ne, kuma ɗalibin da ya dogara da su zai shiga jarrabawa da rabin labari. Waɗanda na'ura ta karanta, da suka cika YouTube yanzu, ni dai ba na ba da shawararsu ga Austen ko Dickens. Rabin daɗin Austen habaici ne, ita kuwa na'ura ba ta san gatse ba, yadda za ta karanta zolaya haka za ta karanta sanarwar rasuwa.

Mataki na uku: inda ake samu

Marubutan nan duk sun daɗe da rasuwa, haƙƙin mallakar rubutunsu ya ƙare, shi ya sa ake samun su kyauta ba tare da sata ba. Babban rumbun shi ne LibriVox, wanda Hugh McGuire ya kafa a Montreal ta Kanada a 2005. 'Yan sa-kai ne daga ƙasashe daban-daban suke karantawa, ana ajiye sautin a Internet Archive. Da yake kowa na iya karantawa, akwai gwanaye, akwai kuma 'yan koyo. Shahararren littafi za ka tarar an karanta shi sau da yawa, an rubuta "version 2", "version 3" da sauransu a gaban sunansa.

Karatun nasu iri uku ne. "Solo" mutum ɗaya ne ya karanta duka. "Collaborative" an raba babi-babi, yau Ba'amurke, gobe wata daga Ostareliya. "Dramatic reading" kuwa kowane mutum a labarin da mai yin muryarsa. Ka nemi na farkon. Kunnen da ke koyon tsohon Turanci yana buƙatar ya saba da lafazi ɗaya, ba a riƙa sauya masa kowane minti ashirin ba.

Mai halin biya kuma, da katin da ke biyan kuɗin waje, akwai Audible na kamfanin Amazon da Naxos AudioBooks, inda ƙwararrun 'yan wasa suke karatun. Rosamund Pike ta karanta Pride and Prejudice, Thandiwe Newton ta karanta Jane Eyre, Juliet Stevenson ta karanta Middlemarch. Aikinsu ya fi tsafta, ba musu. Amma ka fara da na kyauta tukuna, ka tabbatar abin ya karɓe ka.

Mataki na huɗu: saukewa da manhaja

Lissafin data mai sauƙi ne. Fayil ɗin MP3 mai ingancin 64 kbps yana cin kusan MB 29 a kowace awa, kuma ga muryar mutum ya wadatar. Ke nan Pride and Prejudice zai ci wajen MB 340, Jane Eyre wajen MB 550. Na 128 kbps ninki biyu ne, kuma da iyafis na kasuwa ba za ka ji bambancin ba. A shafin kowane littafi na LibriVox akwai maɓallin sauke shi gaba ɗaya a dunƙule. Ka yi hakan lokacin da ka samu wifi ko da datar dare, ka warware shi a folda guda mai sunan littafin. Sauraro kai tsaye daga intanet, musamman ta bidiyo, ɓarnar data da caji ne kawai.

Kada ka buɗe shi da manhajar kiɗa ta wayarka. Ni na yi wannan wautar. Na bar maɓallin cakuɗa waƙoƙi a kunne ban sani ba, ina cikin babi na huɗu na Pride and Prejudice, 'yan mata biyu na hirar samarin da suka gani a wurin rawa, sai kawai na ji gida ya rikice ana neman wata ƙanwarsu da ta gudu. Na yi minti goma ina zargin kaina da rashin fahimtar Turanci, har sai da wata waƙar biki ta biyo baya na gane abin da ya faru. Ta haka na san sirrin da ya kamata in jira awa takwas kafin in ji.

Nemi manhajar da aka yi don littattafan saurare, kamar Smart AudioBook Player a Android, ko wata manhajar sauraren littattafan LibriVox. Abu huɗu kake buƙata daga gare ta: ta tuna inda ka tsaya, ta iya komawa baya daƙiƙa goma ko talatin da taɓawa ɗaya, ta iya rage gudun murya, kuma ta kashe kanta bayan lokacin da ka sa mata idan barci ya ɗauke ka.

Mataki na biyar: koyi kuɗinsu da sunayensu kafin ka kunna

A nan zan daɗe, domin abin da ke ɓatar da mai sauraro yawanci ba ƙamus ba ne, al'ada ce. Waɗannan labarai kusan duk a kan aure, gado da matsayi suke juyawa, kuma marubutan sun ɗauka ka san farashin komai.

Mu muna da sa'a a nan, domin kuɗin da ke cikin littattafan su ne kakanninmu suka kashe a Nijeriya har zuwa Janairun 1973, lokacin da naira ta zo. Fam ɗaya sule ashirin ne, sule ɗaya kwabo goma sha biyu. "Sixpence" shi ne sisi, "threepence" taro, "half a crown" sule biyu da sisi. "Guinea" kuwa sule ashirin da ɗaya ne, kuɗin manya, da shi ake faɗin farashin doki ko ladan likita. Duk dattijon da ke kusa da kai zai warware maka wannan lissafin ba tare da ya taɓa jin sunan Dickens ba.

Yanzu ka riƙe waɗannan alƙaluman a ka. Bob Cratchit, akawun marowacin nan Scrooge a A Christmas Carol, sule goma sha biyar yake karɓa a mako, wato fam 39 a shekara, da shi yake ciyar da mata da 'ya'ya shida. Jane Eyre fam 30 ake biyanta a shekara a Thornfield, gidan da take koyarwa. Mista Bennet, mahaifin 'yan matan Pride and Prejudice, gonakinsa na kawo masa fam 2,000 a shekara. Mista Darcy kuwa, attajirin saurayin labarin, fam 10,000. Idan ka ji ɗakin rawa ya ɗauki raɗa saboda an ambaci wannan adadi, ka tuna cewa abin da ke shigo masa a shekara ɗaya ya fi albashin akawu na shekara ɗari biyu da hamsin.

Akwai bambanci kuma tsakanin kuɗin namiji da na mace a bakinsu. Na namiji yawanci abin da ke shigowa kowace shekara ake faɗa. Na mace jimillar dukiyarta ce, wadda ake ajiyewa tana haifar da kashi huɗu ko biyar cikin ɗari. Rabon Elizabeth Bennet fam 1,000 ne, kuma sai bayan ran mahaifiyarta, abin da zai ba ta fam 40 a shekara. 'Yar mai gona da barori, amma tsakaninta da rayuwar akawu numfashin mahaifinta ne kawai.

Dalili shi ne abin da suke kira "entail", sharaɗin da ke ɗaure gida da gonaki ga magada maza kaɗai. Bennet 'ya'ya biyar gare shi, duk mata, don haka ranar da ya mutu gidan Longbourn zai koma hannun wani ɗan'uwansa, Mista Collins, matar da 'ya'yan su tattara kayansu. Wanda ya saba da rabon gado na Musulunci, inda 'ya mace da matar mamaci ke da kasonsu sananne, zai iya ɗaukar uwar 'yan matan a matsayin mai rawar kai da son abin duniya. Tana da rawar kai, gaskiya ne, amma tsoronta na gaske ne. Idan ka fahimci wannan, dariyar da za ka yi mata za ta zo da ɗan tausayi.

Sunaye ma da ƙa'idarsu. "Miss Bennet" kai tsaye babbar 'ya ce, wato Jane. Ƙannenta sai an haɗa da sunansu na yanka, "Miss Elizabeth". A kunne wannan yana rikita mutum ƙwarai idan bai sani ba. "Sir" da sunan yanka yake tafiya, Sir William, matarsa kuma ta zama Lady Lucas da sunan iyali. Wadda aka ce wa Lady Catherine, da sunanta na yanka, ita 'yar babban basarake ce, da sarautarta aka haife ta, shi ya sa take taka kowa. Za ka ji matar Bennet tana kiran mijinta "Mista Bennet" bayan shekara ashirin da 'yan kai da aure. Wannan bai ba ni mamaki ba, na tashi a gidan da ban taɓa jin an kira sunan maigida ba. Kiran mutum da sunan yanka a waɗannan littattafai babban al'amari ne, idan saurayi ya yi wa budurwa haka, to magana ta yi nisa.

Wasu kalmomi kaɗan da suka sauya ma'ana: "town" ba tare da suna ba Landan ake nufi. "Living" muƙamin limamin coci ne da kuɗin shigarsa, wanda sau da yawa mai gonakin yankin ne ke bayarwa ga wanda ya ga dama. "Morning" a wurinsu yakan kai har lokacin babban abincin yini, saboda haka ziyarar safe tana iya zama da azahar.

Mataki na shida: babi uku na farko, ido da kunne tare

Sauke rubutun littafin daga Project Gutenberg, rumbun da Michael Hart ya fara a 1971. Kyauta ne, kuma bai kai nauyin hoto biyu ba. Shafin LibriVox ma yakan nuna rubutun da makarancin ya bi. Ka zauna wuri guda, ka kunna sautin, ka bi da ido har babi uku. A nan ne za ka haɗa yadda ake rubuta suna da yadda ake furta shi, kunnenka kuma ya kama takun makarancin.

Ka rage gudu zuwa 0.9, ko 0.8 idan ya kama. Ƙasa da haka murya takan ja kamar kaset ɗin da batirinsa ya yi sanyi. Bayan awa biyu ko uku za ka ga da kanka ka mayar da shi daidai.

Ka ɗauki 'yar takarda ka rubuta sunayen mutane da dangantakarsu yayin da suke shigowa: wane ɗan wane, wace ƙanwar wace. Na Dickens sai ka bar fili da yawa, domin mutumin da ya gifta a babi na biyu yana iya dawowa a babi na arba'in riƙe da mabuɗin labarin gaba ɗaya. Amma ka guji neman jerin sunayen a intanet, yawancinsu a layi na biyu suke faɗa maka wanda ya mutu da wanda ya auri wa.

Ƙamus kuma kada ya zame maka sarƙa. Dokata ita ce sai kalma ta dawo sau uku ban gane ta ba nake tsayawa in duba.

Mataki na bakwai: yanka shi kashi-kashi

Daga babi na huɗu ajiye rubutun, ka bar kunne ya yi aikinsa. Ware lokaci tsayayye, minti talatin zuwa arba'in a rana, ka haɗa shi da aikin da hannu ke yi ba kai ba: wanki, guga, shara, tafiya a ƙafa, zaman mota idan ba kai ke tuƙi ba. Da minti arba'in a rana za ka gama Jane Eyre cikin wata guda. Ka yi ƙoƙari ka tsaya a ƙarshen babi, musamman a littattafan da aka fitar kashi-kashi, domin da gangan marubucin yake ajiye ka a bakin rami don ka sayi na mako mai zuwa. Wilkie Collins, mai The Woman in White, gwanin wannan ne.

Idan hankalinka ya tafi wani wuri, koma baya daƙiƙa talatin. Idan ka farka ka tarar an yi babi biyu kana barci, koma farkon inda kake iya tunawa, kada ka ce za ka cike gurbin da hasashe. Idan kwana huɗu suka wuce ba ka saurara ba, maimaita babin ƙarshe da ka ji kafin ka ci gaba.

Za ka ci karo da wuraren da Turancin ya zama kamar wani yare. Joseph, tsohon baran Wuthering Heights, da karin harshen Yorkshire yake magana, har Charlotte Brontë, yayar marubuciyar, sai da ta sassauta rubutun maganarsa a bugun 1850 saboda mutanen kudancin Ingila ma ba sa ganewa. Hirar mutanen ƙauye a babi na shida na Silas Marner ma haka take. A irin wannan wuri ka buɗe rubutun, ka bi shi da ido, ka kama abin da ya samu, ka wuce. Ba a kanka aka fara ba.

Bayan littafi biyu ko uku sai ka tunkari manyan. Bleak House babi 67 ne, masu ba da labari biyu suna karɓa-karɓa: Esther Summerson da bakinta, da wata murya da ke kallon Landan daga sama, duk a kan wata shari'ar gado da ta ƙi ƙarewa a kotu. Shi ina ba da shawarar ka bi tsarin da ya fito da shi a 1852 da 1853, babi uku ko huɗu a kowane kashi. Masu karatunsa na farko wata guda suke jira tsakanin kashi da kashi, har wata goma sha tara, domin kashi biyun ƙarshe tare suka fito. Kai ka mayar da watan mako, ka ware masa wajen awa biyu a kowane mako, ka sayi takarda mai faɗi don sunaye.